Yadda Za Ka Kafa Gura Ka Samu Kifi Ba Tare Da Ka Nutsar Da Kififiya Ba

Shekara uku ke nan da rasuwar gwaggona a Birnin Kebbi. Da asuba aka kira ni a waya, na bar gura, wato tarkon kifi, guda arba'in a ruwa na hau mota daga Yauri, da niyyar in kwana ɗaya in juyo. Sai bayan sadakar uku na samu fitowa. Watan Agusta ne, farin ruwa, wato cikar kogi ta damina, ya fara sauka, kafin in iso kogi ya ƙaru da fiye da kamu guda, gurar da na bari kanta a waje duk ruwa ya shanye ta. Ina ɗago ta farko wari ya buge ni. A ta bakin gumbi, wadda ta fi kowace kawo mini ƙarfasa, na tarar da 'yan kififiya biyar, kowace faɗin faranti, wuyansu a miƙe can sama wajen da na ɗaure bakin gurar. Nan suka taru suna neman iska har rai ya yi halinsa. Kifin da ke ciki ma ya ruɓe. Ban ci ba, ban sayar ba, na zazzage a gefen ciyawa na zauna cikin jirgi na daɗe ban ɗauki filafili ba.

Ni masunci ne ɗan masunci, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban taɓa cin naman kififiya ba. Mun ci, iyayenmu sun ci. Amma Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce mana: "Abin da za ka ci, kama shi. Wanda ba ka ci, bar ma ruwa abinai." Waɗannan biyar ɗin ba wanda ya amfana da su. Abin da zan rubuta nan shi ne abin da na canza a aikina tun daga ranar, da inda na samo dabarar, don duk mai gura ko mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, daga Zamare zuwa Ngaski, har 'yan'uwanmu na Argungu da na madatsar Bakolori, ya gwada da hannunsa.

Ƙanena da ya yi karatun kifi a Sabuwar Bussa na ba labarin. Ya ce, "Yaya, abin nan da ya same ka, a Amurka an shekara da shekaru ana fama da irinsa." Ya buɗe waya ya nuna mini wani ɗan kunkurun ruwa da suke kira terafin, mai zane a ƙoƙon baya kamar an jera lu'u-lu'u, fatarsa fara-fara da ɗige-ɗigen baƙi. Ba a kogi yake ba, ba kuma a tsakiyar teku ba. Gidansa fadamun bakin teku ne inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri ya zama zartsi, tun daga jihar Masacusets a arewa har zuwa Tekas a kudu. Namiji ba ya wuce santimita 14, mace takan kai 23. Abincinsa ƙananan dodon koɗi da ƙaguwa, kuma wannan son ƙaguwar ne ya jawo masa.

Masuntan can suna kama ƙaguwa da wani akwatin waya mai ƙofofi kamar mazurari, a sa ƙoto a tsakiya, a jefa shi ƙasan ruwa da igiya da abin shawagi. Gura ce dai, sai dai ta ƙarfe. Ƙaguwa ta shiga ta zauna lafiya, don ita a ruwa take numfashi. Terafin kuwa huhu gare shi kamar ni da kai, in ya shiga bai samu hanyar fita ba, sa'o'i kaɗan ya nutse. Kuma in ɗaya ya shiga sauran sukan bi shi. A jihar Jojiya masu bincike sun taɓa ɗago akwati guda da aka bari a ruwa suka ƙirga gawar terafin 94 a ciki. Da ƙanena ya faɗi wannan adadi sai biyar ɗina suka dawo mini sabo.

Tun kafin akwatin ma an taɓa kusan ƙarar da shi. A ƙarshen shekarun 1800 romon terafin shi ne abincin masu hannu da shuni a Baltimo da Nuyok. A 1891 jihar Marilan kaɗai ta kama kimanin kilo 40,000, zuwa 1920 abin da aka samu bai kai kilo 400 ba. Abin da ya ɗan ba shi sarari shi ne hana sayar da giya da aka yi a ƙasar a 1920, don da wata irin giya ake haɗa romon, sai kasuwarsa ta faɗi. Dalilin da ya sa ya ƙare da sauri haka shi ne abin da nake so kowane masunci ya riƙe. Ƙarfasa cikin watanni take fara ƙwai. Macen terafin sai ta yi wajen shekara bakwai, wata fiye, kafin ta saka ƙwan fari, kuma mafi yawan ƙwan da 'ya'yan wasu dabbobi ke cinye su. Abin da ke riƙe irin shi ne uwar ta daɗe, shekara ashirin, talatin, tana sakawa duk shekara. Ka kashe babbar mace guda, ka cinye uwar kuɗi ne, ba riba ba.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Namu ma haka suke. A ruwanmu akwai babbar kififiya mai taushin baya da dogon wuya da hanci kamar ɗan bututu, akwai mai marfin fata da take rufe ƙafafun baya da shi, sannan ga kunkurun ruwa mai taurin ƙoƙo da ke zama a tafkuna da fadama. Biyun farko suna cikin jerin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce suna fuskantar barazana, kuma a 2016 aka sa su cikin yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Akwai ma wata ƙatuwar 'yar'uwarsu da a da ake samu a Najeriya, aka daɗe ba a gan ta ba sai a 2017 aka sake ganinta a Sudan ta Kudu. Ba sai an kawo mini takarda ba: ina yaro, da hantsi in muka bi ta gefen gungu za ka ji suna zamewa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Yau sai ka yi wata ba ka ga babba ba.

To, a fara da iska, don ita ce gaba da komai. Wani masani a Marilan mai suna Willem Roosenburg ya gwada dogon akwatin ƙaguwa wanda samansa ke leƙowa waje, terafin ya shiga ya hau sama ya yi numfashi har mai akwati ya zo. Mu Allah ya hutar da mu wannan wahala, don gura dama doguwa ce mai tsini, kuma a ruwa marar zurfi muke kafa ta. Abin da ake buƙata kawai kada a nutsar da ita duka. Ka bar aƙalla taƙi guda na samanta a waje. Ba tsinin kaɗai ba, don can wurin ya matse, dabbar ba za ta iya ɗago hanci ba. Ka bar inda faɗinsa zai ɗauki tafin hannunka biyu.

Amma ruwa ba a tsaye yake ba, kuma nan ne na yi kuskure. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin farin ruwa, kogi yana iya hawa cikin dare. Haka in baƙin ruwa ya iso daga Mali wajen Disamba. A irin wannan lokaci taƙi guda bai isa ba. Ko dai ka ja gurar zuwa tudu-tudu ka bar kamu guda a waje, ko ka yi abin da nake yi yanzu: ka samu robar ruwan sha babba guda biyu, ka rufe bakinsu da kyau, ka sa su cikin gurar ta sama. In ruwa ya hau, za su ɗaga ragar saman su bar ɗan sarari. Sai ka kafa turke mai ƙarfi ka ɗaure gurar a jikinsa ta tsakiya, don gurar da ta kife ta zama kabari ko da robobi goma ne a ciki. Dutsen da kake dannewa da shi ka sa shi a gindi. Ni nakan yi wa turken tsaga da wuƙa daidai inda ruwa yake da yamma, da safe in duba. In ya haura yatsa uku a dare ɗaya, ranar duk gurata sai ta matsa baya.

Sai ƙofa. A farkon shekarun 1990 wani malami mai suna Roger Wood, a wata cibiyar binciken fadamun teku da ke jihar Niyu Jasi, ya fito da dabara mai sauƙi har mutum ya yi mamakin yadda ba a yi ta tun da ba: 'yar ƙawanya mai kusurwa huɗu, ta waya ko ta roba, a ɗaura a bakin mazurarin akwati. Ƙaguwa shafaffa ce, takan kutsa ta wuce. Terafin ƙoƙonsa na da tudu, sai ya tokare ya koma. A Niyu Jasi girmanta santimita 5 ne da 15, a Marilan kuwa 4.5 da 12, kuma tun 1999 Marilan ta wajabta ta ga masu kafa akwatin ƙaguwa a bakin gidajensu. An gwada an ga ƙaguwar da ake kamawa ba ta ragu wani abin a zo a gani ba.

Kada ka kwafi awonsu kai tsaye, don mu ba ƙaguwa muke nema ba. Tasu ƙawanyar a kwance take. Kifinmu kuwa, ƙarfasa a tsaye take iyo, siririya ce ta gefe mai tsawo ta sama, tarwaɗa da kurungu kuma masu zagaye ne. Kififiya ce mai faɗi a kwance kamar faifai. Don haka na juya tawa ta tsaya. Ga yadda nake yi. Ina sayen waya mai kauri wadda ba ta tsatsa da wuri, irin ta shinge, in yanka kamu guda da ɗan ƙari, in lanƙwasa ta a jikin wani katako da na sassaƙa, faɗinsa yatsa huɗu, tsawonsa kusan taƙi guda. Sai ta fito kamar ƙwai a tsaye. In murɗe bakin da filaya, in juya tsinin ciki don kada ya yagi raga. Sannan in ɗinke ta a ƙarshen mazurarin ta ciki da zaren raga, ɗauri shida ko takwas, in ɗaure samanta da ƙasanta a jikin sandar gurar don kada ta kwanta. Wannan ɗaurin na ƙarshe kada ka yi masa ganganci. Shekarar farko ban yi ba, ƙawanyar ta juya ta kwanta, ta zama kamar ƙofar da aka yi wa kififiya musamman.

Zan faɗi gaskiya game da hasara. Kawuna, wanda ya fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba, ya duba ƙawanyar ya ce, "Ɗana, kai da ka fito neman kifi, kuma kai ne kake rage mashi ƙofa?" Na ce, "Kawu, mu gwada wata guda, goma taka goma tawa, wuri ɗaya, dusa ɗaya." Da wata ya cika, ya fi ni manyan tarwaɗa guda uku. Wannan gaskiya ne, mai ƙaton kai ba ta shiga tawa. Amma ƙarfasa da kurungu kusan kunnen doki muka yi, kuma sau biyu ya tarar kififiya ta shiga tasa ta cinye dusar, ta yayyaga kifin, ta huda raga ta gefe. Wanda ya taɓa zama da allura yana ɗinkin gura a rana ya san kuɗin wannan. Har yau Kawu bai sa ƙawanya ba, amma ya daina nutsar da gurarsa. Ni ma na karɓi wannan rabin.

Ƙawanya tana hana manya da matsakaita ne kawai. Ƙanana suna wucewa, shi ya sa ba ta maye gurbin iskar. Biyun tare suke aiki, na ukunsu kuma ƙafarka ce. Ka duba gura kullum, da safe kafin rana ta yi zafi, don ruwa mai ɗumi ya fi saurin kashe abin da ke ciki. In tafiya ta kama ka, ko da ta gaggawa ce irin tawa, minti biyu ne ka kira wani ka ce ya kwance bakin gurar ya bar ta a buɗe, ko ya jawo ta tudu. Yanzu ni da maƙwabcina mun yi alkawari, ya san inda nake kafawa, na san nasa. Malaminmu na masallaci da na ba shi labarin ya tuna mini hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ban sake ganin gurar da aka manta a ruwa da ido ɗaya ba.

Wadda ta ɓace fa? Wannan ita ce mafi muni, don ba ta daina aiki. Abin da ya mutu a ciki ya zama ƙoto, ya jawo wani, shi ma ya mutu. A jihar Bajiniya, daga 2008, gwamnati ta riƙa biyan masunta a lokacin sanyi su bi ruwa da na'urar hango ƙasa suna tsamo akwatunan da suka ɓace, cikin shekara huɗu suka fitar da fiye da 30,000. Wasu jihohin kuma suka ce dole kowane akwati ya kasance da wani sashe da zai ruɓe ya buɗe da kansa. Wannan ta biyun ba ta buƙatar gwamnati. Bakin gura na sama, maimakon ka ɗaure shi da zaren leda, ɗaure da igiyar rama ko zaren auduga. Kai da kake zuwa kullum za ka ga ta fara laushi ka canza. In ruwa ya tafi da gurar, bayan 'yan makonni igiyar ta ruɓe, baki ya buɗe. Sannan in ruwa ya ja da bazara, ka ɗauki yini guda ka bi cikin gumbi da gindin itatuwa. Duk tsohuwar gura da guntun kalli da ka gani, naka ne ko ba naka ba, ka fito da shi tudu. Ragar leda ba ta ruɓewa, za ta fi mu duka daɗewa a ruwan nan.

Manyan kififiya sun fi faɗawa mamari. In ka ja igiya ka ji nauyi mai jijjiga kamar ana jan faifai, ka shirya. Wuyanta yana miƙewa fiye da yadda kake zato, yana iya juyowa har tsakiyar bayanta, kuma in ta kama yatsa ba ta san saki ba. Kada ka riƙe ta ta gefe. Ka kama ta can baya, tsakanin ƙafafun baya biyu, kai yana kallon waje, ko ka rufa mata jiƙaƙƙen buhu a kai. Kada a ɗaga ta da wutsiya, kada kuma a ɗago ta da igiyar ƙugiya. In ƙugiyar a leɓe take kana ganinta, ka sa mata guntun ice ta ciza, ka zare da filaya ta hanyar da ta shiga. In ta haɗiye, kada ka ja ko kaɗan, za ka yaga mata maƙogwaro ne. Yanke zaren dab da baki ka sake ta. Filaya da wuƙa da buhu ba sa barin jirgina.

Wani lokaci za ka ɗago ta kamar matacciya, wuya a sake, ido a rufe. Kada ka yi saurin yanke hukunci, kada kuma ka jefa ta ruwa, don a wannan halin nutsewa za ta yi. Kunkuru yana da taurin rai. Ka kwantar da ita a kan cikinta a inuwa, kan ya ɗan fi baya gangarawa don ruwa ya fito. Ko kusa kada ka kifar da ita rigingine. Ka riƙa jan ƙafafun gaba a hankali kana mayarwa, kamar mai zuga-zugi, za ka ga ruwa na fita ta hanci. Rufa mata jiƙaƙƙen tsumma a baya ka bar ta. Na taɓa ajiye wata tun hantsi ba motsi, sai bayan la'asar ɗana ya rugo yana cewa, "Baba, ta buɗe ido!" Da safe muka mayar da ita daidai inda na same ta.

Na san akwai mai cewa, babbar kififiya kuɗi ce, masu saye daga kudu suna nema, masu magani suna neman ƙoƙon, ga yara a gida. Ba zan zagi wanda yunwa ta sa ya sayar ba, na san wannan halin. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Daga ƙarshen rani zuwa farkon damina, lokacin da suke ɗauke da ƙwai, a saki manyan. Mace ta fi girma, wutsiyarta gajeriya ce, ta namiji ta fi tsawo da kauri. A can Amurka ma sai da suka kai ga hana kamun terafin don sayarwa: Marilan a 2007, Niyu Jasi a 2016, Nuyok a 2018. Gara mu ɗaure kanmu da wata uku a shekara tun akwai abin da za a bari.

A watannin Yuni da Yuli macen terafin takan fito tudu neman yashi, titunan da aka yi cikin fadama kuma sun raba ta da inda take sakawa, motoci suna takawa. A Niyu Jasi masu aikin sa-kai suna kafa ɗan gajeren shinge a gefen titi, kuma in suka samu wadda mota ta kashe sukan ciro ƙwan su ƙyanƙyashe. A tsibirin Jekil na Jojiya akwai allon gargaɗi mai walƙiya da ake kunnawa a lokacin da suka fi fitowa. A filin jirgin saman Kenedi na Nuyok kuwa, wata safiya a 2011 jirage sun yi jinkirin tashi saboda wajen 150 sun hau titin jirgi, ma'aikata suka bi suna tsincewa. Mu a nan, kunkurun ruwa mai taurin baya yakan binne kansa a laka duk rani, ruwan fari na sauka ya fito ya kama tafiya. In ka gan shi a hanyar Koko ko ta Kontagora, ka faka a gefe in babu haɗari, ka tsallakar da shi zuwa inda ya dosa. In ka mayar da shi baya zai sake hawowa. Kada a kai wa yara gida, kuma don Allah a daina huda gefen ƙoƙon ana ɗaura igiya. Ƙashi ne mai rai, yana jini.

Sheƙar ƙwai ita ce aikin da na fi jin daɗi. In ruwa ya ja yashi ya fito a gefen gungu, ka fita da sassafe kafin iska da shanu su share sawu. Za ka ga shara mai faɗi kamar an ja tabarma daga ruwa zuwa tudu, da tabon farce a gefe biyu, ta je ta tsaya a wani wuri da yashinsa ya fi laushi da duhu, sannan ta koma. Nan ƙwan suke, masu zagaye kamar ƙwallon yara, fari fat, bawo da tauri. Kada ka tona don ka gani. Guza da karnuka da tunku suna bin ƙanshin sabon tono ne, kwanakin farko ne suka fi haɗari. A Amurka wata dabba mai suna rakun ce ke yi musu wannan ɓarna, maganin da suka samo kuma ragar waya ce. Ka samu ragar kaji, kamu biyu kowane gefe, ka shimfiɗa a kai, ka kafe kusurwa huɗu da turaku masu ƙugiya, ka binne gefunan da yashi don kada a tona ta ƙasa. In hanyar shanu ce, ka zagaye da ƙaya, amma nesa kaɗan. Kada ka yi wa wurin inuwa, rana ce ke kwanci a madadin uwa. Ƙwan terafin ma zafin yashi ne ke raba jinsinsa: mai zafi ya ba da mata, mai sanyi maza.

Ba a ɗauke ƙwai sai dole, wato in ka tabbata ruwa zai ci wurin kafin su fito. In haka ne, ka tona da hannu a hankali, ka auna zurfin ramin da ɗan kara. Kowane ƙwai ka ɗiga masa gawayi a sama kafin ka ɗaga, kuma kada ya juya, don ɗan yana manne da bawon ta sama, juyi ɗaya ya kashe shi. Jera su a ƙwarya kan yashin ramin, ka rufe daga rana, ka kai tudu mafi kusa, ka haƙa rami mai zurfin na farko, ka jera su ɗigon gawayi yana kallon sama.

Raga ba ta hana mutum. Yara masu kiwo da masu wanka su suka fi kowa sanin sheƙa, kuma ba mugunta ba ce, ƙwai ne. Na je wurin Sarkin Ruwan ƙauyenmu na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, gungu ɗaya nake roƙo, wata uku." Ya tambaye ni ko wata ƙungiya ce ta turo ni da kuɗi. Na ce babu, na ba shi labarin biyar ɗin nan. Ya yi shiru, sannan ya ce a zamanin mahaifinsa ma akwai gurbin da ba a taɓawa sai an ba da izini, kamar yadda ake tsare Matan Fada kafin bikin Argungu. Ranar Juma'a aka yi shela. Yaran kuma na mayar da su masu gadi: wanda ya nuna mini sabon sawu bai tona ba, ƙugiya biyar da zare nasa ne.

Ka rubuta ranar da ka rufe kowace sheƙa, ko a jikin turken da gawayi. In an doshi kwana 50, ka ɗaga ragar kaɗan a kan duwatsu ta gefen da ke kallon ruwa, ko ka riƙa zuwa safe da yamma, don ɗan da ya fito ya maƙale ƙarƙashin waya rana za ta gasa shi kafin azahar. Alamar sun kusa ita ce tsakiyar wurin ya ɗan lotsa. In ka same su a waje, kowanne bai wuce murfin kwalba babba ba, kada ka kai su tsakiyar kogi inda giwan ruwa ke jira. Ka sa su a ƙwarya da jiƙaƙƙen yashi har magariba, shirwa ta tafi kwana, ka sake su a bakin ruwa marar zurfi inda akwai ciyawa, ba duka wuri ɗaya ba. Sai ka cire turakun, ka naɗe ragar ka rataye ta a rumfa, baɗi za ta sake aiki.